Keken Ɗan Fari

Duk unguwar Kagarawal babu wanda bai san Malam Babayo ba, domin shi ne Bafillacen da Allah ya yi wa tumbi. 'Yan'uwansa da ke shigowa daga ruga sirara ne kamar sandunan kiwonsu, shi kuwa idan ya zauna a bakin benci sai wanda ke ɗaya gefen ya nemi abin dafawa. Tun yana ƙarami annoba ta shiga garkensu, mahaifinsa ya kwaso su zuwa Gombe, shi ya sa ya tashi a kasuwar dabbobi yana dillancin tumaki da awaki. Aikin ba ya son gudu. Zama ne a inuwa, da rantsuwa kaɗan, da shayi mai yawa, kuma shayin Babayo sai an zuba masa suga har cokali ya kusa tsayawa da kansa.

Saniya ko ɗaya bai mallaka ba, amma sauran gadon Fulani yana wurinsa cif, musamman kunyar ɗan fari. Abdulrazak, babban ɗansa, ana yaye shi aka miƙa wa kaka, bai dawo gidan ba sai da ta rasu, ya riga ya fara gemu. Babayo bai taɓa kiran sunansa ba. Wancan ne, ko mutumin nan. In yana da magana da shi sai ya gaya wa matarsa Nana Hadiza, ita kuma da yake uwa ce kunyarta ta fi tasa, sai ta gaya wa ɗaya daga cikin ƙannen, shi ya kai. Tsakar gidan bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, kowa yana jin kowa, amma haka saƙo zai zaga kafin ya isa.

Da ribar farko da Abdulrazak ya samu a kasuwanci ya sayo wani keken gwanjo, irin na hawan dutse da Turawa suka gaji da shi, mai tayoyi masu haƙora kamar na tarakta da giya barkatai gaba da baya. Ranar da ya shigo da shi Babayo yana ba wani rago dusa. Bai ɗaga kai ba. Sai ya gaya wa ragon cewa keken da ba shi da kariyar ɗora kaya, ba shi da abin tare taɓo, ba zai ɗauki ko kwanon hatsi ba, wannan ba keke ba ne, abin wasan masu ƙoshi ne. Abdulrazak ya yi dariya ya jingine kekensa. Ya hau shi shekaru, har harkar wake ta buɗe masa ya koma bin motoci zuwa kasuwannin ƙauye can bayan Biu. Aka ɗora keken a kan rufin kicin, rana da ruwa suka yi ta cinsa.

A kakar shekarar da abubuwa suka fi lalacewa ya tafi sayen wake bai dawo ba. Wayarsa ba ta shiga. Ƙannensa da abokansa sun bi tasha sun bi asibitoci, direbobi suka ce ai wannan hanyar yanzu ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya bi ta. Nana Hadiza ta daina cin abincin kirki, amma ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Babayo kuwa kullum yana kasuwa. Duk wanda ya tambaye shi ko an ji wani labari sai ya ce Allah yana nan, ya juya ya ci gaba da duba haƙoran akuya. Wasu suka ce zuciyarsa dutse ce. Dattawan Fulani suka ce a'a, haka ake yi.

Da bazara ta yi tsanani jiri ya kwashe shi ya faɗi a tsakiyar awaki. Likita ya auna shi ya ce suga ne, ya hana shi kusan duk abin da yake so a duniya, sannan ya ce lallai ya riƙa motsa jiki. Washegari maƙwabta suka ga Babayo ya sa an sauko da keken daga kan rufi, ya tura shi da ƙafa, tayoyin a sace suna ƙugi, har unguwar Dawaki wurin abokinsa Rufa'i.

Rufa'i Bakano ne, mai gyaran keke a gindin wata bishiyar maina, sun fi shekara talatin suna zagin juna. Jauro yake kiran Babayo, wai sarkin rugar da babu ko maraƙi. Ya zagaya keken yana kallo, ya zagaya Babayo yana kallo, ya ce bai san wanda zai fara yi wa jaje ba a cikinsu.

"Umarnin likita ne," in ji Babayo.

"Likitan ya ga keken, ko kai kaɗai ya gani?"

Rufa'i ya san keken sarai, shi ya sha yi masa faci a da. Bai ambata ba. Ya kifa shi ya fara kwancewa.

Aikin ya ɗauki lokaci, don Babayo kullum yana zaune a kai yana gardama. Sarƙar ta yi tsatsa ta ƙage, aka sa sabuwa. Wayoyin birki da na giya duk sun tsinke a cikin rigarsu. Rufa'i ya wanke boris da kananzir ya cika su da giris, ya ɗaure wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya har ƙafar ta daina rawa. Tayoyin masu haƙora ya cire ya sa masu laushin gudu a kwalta. Sirdin kuwa siriri ne kamar bakin wuƙa, Rufa'i ya ce idan Jauro ya zauna a kan wannan sai an kira wanzami ya ciro shi, ya nemo masa faffaɗa mai sifirin daga wani tsohon keken dattawa. Ya ɗaga kan keken sama don kada gwiwa ta riƙa gaisawa da tumbi. Ya so ya cire giyar gaba ɗaya ya mai da shi keke irin na mutane, Babayo ya ƙi. Rufa'i ya kawo sababbin robobin hannu, masu kyau, Babayo ya ce a bar tsofaffin, duk da sun suɗe har ƙarfe ya leƙo a inda tafin hannu ke zama.

Sai da aka kusa gamawa Babayo ya ce a sa masa kariya, mai ƙarfi. Aka kai wa mai walda. Ya je wurin baduku aka ɗinka masa jakunkuna biyu na rataye a gefe da gefe, ya sa aka ɗaura mariƙin gorar ruwa da na famfo. Rufa'i yana ɗaure noti na ƙarshe ya ce shi dai a saninsa mai neman zufa zagaya fili yake yi ya koma gida, bai taɓa ganin wanda ya yi wa motsa jiki guzuri ba. Babayo ya ce Bakano bai san komai ba ban da ciniki. Rufa'i ya ƙara matse notin, ya cusa masa kayan faci a jaka bai karɓi komai ba.

Kwanakin farko Kagarawal ta sha kallo. Giyar ce ta fi ba shi wahala. Ya taɓa nan, ƙafafunsa su yi ta juyawa kamar mai kaɗa nono keken yana wuri ɗaya, ya taɓa can, feda ta yi tauri kamar an ɗaura masa buhu. Babbar riga ta shiga sarƙa sau biyu kafin ya haƙura ya koma sa 'yar shara. Amma ƙafa ta saba. Daga zagayen unguwa ya fara kaiwa Dawaki, daga nan tashoshin mota, daga nan bayan gari.

Lokacin shingaye ne. Duk inda ka ga buhunan yashi da ganguna sai ka sauka tun daga nesa ka tura abin hawanka, kuma babu abin da jami'an tsaro suka tsana kamar jaka. Babayo ga shi da biyu. A tsayar da shi can nesa, a ce ya buɗe da kansa ya zazzage. Buta, dadduma, famfo, ƙullin magani. A ɗaya jakar kuma riga wankakkiya a ninke da takalmi wanda ko ido ya san ya fi ƙafarsa tsawo. Wani soja ya taɓa tambayarsa na wane ne, ya ce saƙon maƙwabci ne. A hankali suka san shi, suna ce masa Baba mai keke, wani lokacin ma su ɗaga masa hannu ya wuce, amma shi sai ya sauka ya tura, ya gaishe su, ya tambaya ko yau an shigo da mutane daga gabas.

Mutane kuwa suna ta shigowa. Garin ya cika da waɗanda suka gudo, wasu wurin dangi, wasu a makarantu, wasu a kangayen da masu su ba su gama ginawa ba. Duk inda Babayo ya ji an sauke baƙi sai keke ya bi ta nan, kamar hanya ce ta biyo da shi. Ya jingine, ya sha ruwa, ya yi musu sannu da zuwa da barka da arziki, sai can a ƙarshe, yana gyara ɗaurin jaka, ya ce af, ko a cikinku akwai wanda ya san wani yaro mai sayen wake, ɗan wani maƙwabcina ne. In an ce ya sunansa sai ya ce dogo ne, mai wushirya, ba ya sayen wake sai ya ciza ya ji ƙararsa, kuma dariya tana riga shi ƙarasa magana. Mutanen da suka baro gawar 'ya'yansu a daji ba su da ƙarfin tuna ɗan maƙwabcin wani. Su ce Allah ya bayyana shi, ya ce amin, ya hau.

Jikinsa kuwa sai kyau yake yi. Tumbin ya zube, wuya ya fito, wandunansa duk sai da aka rage su. Likita ya auna shi ya yi murna, har ya kira wasu masu irin ciwon ya nuna musu shi, ya ce ga dattijon da ke jin magana. Rufa'i ya ce yanzu kam Jauro ya koma Bafillace, saura shanu. Nana Hadiza kuwa ita ce ke fitar da rigar nan daga jaka in ta yi ƙura, ta wanke ta goge ta mayar, ba ta taɓa tambayar inda ake kai ta ba.

Damina ta yi nisa ranar da ya hau tudun Tumfure. Can cikin gonaki, inda sababbin gidaje ke tsirowa tsakanin masara, ya ga hayaƙi a wani kango mara ƙofa. Wata mata ce ke suyar ƙosai a bakin ginin, yara na zaune a kan bulo. Selina sunanta, daga wani ƙauye bayan Biu. Ya yi gaisuwarsa yadda ya saba, ya kawo tambayarsa a ƙarshe yadda ya saba. Ta ajiye matsamin.

"Abdulrazak mai wake? Wayyo, Baba. Ai a hannunmu ya cika."

Babayo ya riƙe kan keken. Ta tura masa bulo ya zauna, ta ce ta daɗe tana neman wanda ya san gidansu. Da yake ɗan maƙwabci aka ce mata, sai ta ba da labarin yadda ake ba maƙwabci, ba ta rage komai ba. Ranar kasuwa ce 'yan bindiga suka shigo musu. Kowa ya watse, shi ma ya bar buhunansa ya bi su, harsashi ya same shi a ƙugu wajen rafi. Ita da mijinta suka ja shi cikin wata bukkar gona. Babu magani, babu mota, sai ruwan rafi da take ɗiga masa da ganye. Ta faɗi yadda ciwon ya kumbura, da ƙudaje, da yadda ya riƙa cizon hannun rigarsa don kada a ji shi daga hanya. Ya kai washegari da la'asar. Wani lokaci ya yi ta magana da Fulatanci, ba ta ji ba. Da hankalinsa ya dawo kuma har wasa ya yi mata, wai waken da ta sayar masa bai bushe ba.

Ta ce ya yi maganar mahaifinsa. Ta tambayi Babayo ko ya san shi sosai, wai wani ƙaton mutum ne, Bafillace mai tumbi, duk unguwarsu babu kamarsa.

Babayo ya dubi hannayensa a kan gwiwa. Ya ce haka yake.

"To ya ce a gaya masa ya rage suga. Ya ce shi bai isa ya faɗa masa ba, amma in daga bakin wani ne wataƙila ya ji."

Wani tsoho Musulmi da ya ɓuya tare da su shi ya yi masa salla. Likkafani babu, buhunan wake suka farke suka naɗe shi. Ramin bai yi zurfi ba don da fartanya ɗaya aka haƙa, kuma da suka zagayo bayan kwana biyu karnuka sun fara tonawa, sai da suka sake rufewa suka jibga ƙaya da duwatsu. Nan ta tsaya ta kama bakinta. Ta ce wannan na karnukan kada ya gaya wa uban, don Allah. Ya dai ce masa an yi wa yaron salla an rufe shi lafiya, shi ke nan. Ya lallaɓa shi, ya samu lokacin da ya ci abinci, tunda mai jiki ne kada ya faɗi. Ta ƙulle ƙosai a takarda ta ce a kai wa uwar, ba ta da abin da ya fi wannan.

Babayo ya yi godiya a madadin maƙwabcinsa. Ya sa ƙosan a jaka, a kan rigar.

Daga Tumfure zuwa cikin gari gangara ce, ko feda ba a taɓawa. Bai hau ba. Ya tura keken tun daga can, ya wuce shingaye, sojan da ya san shi ya tambaya ko faci ya yi, ya ce a'a. Ta Dawaki ya biyo. Rufa'i ya ɗago ya gan shi tafe a ƙasa, ya dubi tayoyin ya ga da iskarsu. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya fasa. Ya tattara sifanunsa ya zuba a akwati, ya karɓi keken daga hannunsa, suka jera har Kagarawal.

Nana Hadiza tana tsince shinkafa. Babayo ya tsaya daga bakin ƙofa, bai nemi wani ƙane ya kai saƙo ba. Ya ce mata sai haƙuri, mutumin nan ya riga mu. Ta ajiye farantin a hankali don kada ya zube. Ta yi salati, ta tambaya ko an yi masa salla, ya ce an yi. Ta tambaya ko ya sha wahala, ya ce bai daɗe ba. Hawaye na sauka ba ta share ba, sannan ta ce, "A ina yake?"

Bai sani ba. Ya ji komai, har abin da aka ce kada uba ya ji, amma bai tambayi inda kabarin yake ba. Tambayar ta zo masa a can, ya ji in ya buɗe baki da ita muryarsa za ta tona shi a gaban baƙuwa, sai ya haɗiye.

Aka yi zaman makoki, aka watse. Ranar da ya samu kansa ya hau keke ya koma Tumfure. Selina ta gan shi ta taso, tana tambayar yadda uban ya ɗauki abin, ko ya faɗi, ko an samu mutane kusa da shi. Babayo ya jingine keken a jikin bulo. Ya daɗe yana gyara tsayuwarsa, keken da ba ya buƙatar gyara.

"'Yar nan," ya ce, "ni ne uban."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, tana neman ƙaton da aka kwatanta mata. Sai ta durƙusa a wurin, ta rufe fuska da gefen zaninta. Ta ce Baba me ya sa, Baba da ka faɗa ai da ban gaya maka na karnukan nan ba, da ban gaya maka rabin abin da na faɗa ba.

"Na sani," in ji shi. "Tashi, manki zai ƙone."

Ya tambaye ta wurin. Ta kwatanta masa da yatsa a ƙasa: in ka bar kasuwar ka gangara rafi, ka haye, akwai wata tsamiya da tsawa ta tsage gida biyu, yana gabas da ita, inda duwatsu suke a tare. Ya sa ta maimaita. Ya maimaita mata shi ma har ta ce daidai ne. Ta ce amma Baba ba a zuwa yanzu, ko su da aka haifa a can ba sa zuwa. Ya ce ya sani.

Tun daga ranar ya daina zagayen tashoshi da kangaye. Da ya idar da sallar asuba gari ya waye sai ya ɗauki hanyar Biu, ya yi ta tuƙi har shingen da ba a bari a wuce. Ya sauka, ya tura, ya gaishe su, ya tambaya ko hanya ta buɗe. Su ce tukuna, Baba. Ya sha ruwa, ya ɗan tsaya yana kallon gabas, sannan ya juya keken ya kama hanyar kasuwa, don awaki ba sa sayar da kansu.